Mijin ƙanwata makanike ne a Darak, ruwa ya tafi da kayan aikinsa, ya zan taimake shi ban ci fuskarsa ba?

Salamu alaikum Kawu, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne anan Kusiri a arewacin Kamaru, atamfa da yadi nake saidawa. Ƙanwata ciki ɗaya tana aure a Darak, can yankin tafkin Chadi, 'ya'yansu 5, mijin nata makaniken injin jirgin ruwa ne kuma duk wanda ya san shi ya shaide shi akan aikinsa. Lokacin ambaliyar 2024 ruwa ya shiga rumfarsa cikin dare, akwatin kayan aikin ya tafi, ɗan abinda aka tsamo daga baya kuma tsatsa ta riga ta cinye. Tun daga nan aron kaya yake a wajen yaron da shi da kansa ya koya wa aikin, sai yaron ya gama nasa sannan ya bashi, masu jirage kuma basa jira. Bai taɓa buɗe baki ya roƙe ni ko dala ba, ƙanwar ce take faɗa min a waya tana kuka, kuma bai san tana faɗa min ba.

Na tara sefa 400,000 da niyyar in sai masa kayan aiki. Wani abokina ya nuna min injin walda da ƙaramin janareto a Njamena yace in haɗa in aika masa kawai ya gani, wai shi ne babban abu. Maiɗakina tace bashi zan bashi ya riƙa biya duk wata, in ba haka ba saidawa zai yi. Innarmu tace sam, duk abinda na saya a rubuta da sunan 'yarta, don yana samun sarari aure zai ƙara. 'Yan majalisarmu kuma sunce zasu ƙara wani abu akai amma sai an ɗauki hoto ranar miƙawa an sa a Facebook don wasu suyi koyi. Kawu kaina ya ɗaure, surukina ne, tsakaninmu akwai kunya, ina tsoron in je yin alheri in ɓata zumunci. Me zan saya, kyauta ko bashi, da sunan wa, kuma ta yaya kayan zasu isa lafiya?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka maka da alheri, ya sa a mizani, ya mayar wa surukinka da abinda ya fi wanda ya rasa. Saƙonka ya taɓa ni wallahi, musamman wajen da kace maigida ne yake tsayawa jiran yaronsa ya gama da sifana, duk wanda ya taɓa riƙe sana'a ya san zafin wannan. Bari in baka amsar a dunƙule sannan mu warware ta: kar ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka ji daga bakinsa, ka bashi kyauta, da sunansa, kuma ba hoto. Shawara huɗu aka baka, kowa da kyakkyawar niyya, amma ba wanda yace ka tambayi mai aikin, alhali a cikinku duka shi kaɗai ne ya taɓa kwance injin jirgi.

Mu fara da injin waldan nan tunda shi ne ke shirin cinye kuɗin. Abokinka ya hango babban abu mai nauyi da za'a sauke a bakin ruwa mutane su taru, na fahimce shi, amma walda sana'a ce daban, shekaru ake yi ana koyonta, kuma surukinka ba ita ya koya ba. Bayan haka gangar jikin injin jirgi da ƙafarsa ta ƙasa inda farfela take duk alminiyam ne, injin walda na kasuwa irin mai sanda kuwa don baƙin ƙarfe aka yi shi, jiragen tafki kuma yawancinsu katako ne kafinta ke haɗawa, toh me zai liƙe dashi a Darak da zai ciyar da mutum 7? Sannan janareto baya tashi sai da fetur, ka fi ni sanin yadda zuwa-zuwa, wato fetur ɗin jarka da ake shigowa dashi daga Najeriya, yayi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in haka yake a Kusiri ka ƙiyasta nawa lita take komawa bayan an ɗauke ta a jarka an tsallaka ruwa da ita. Abinda zai faru zai karɓa yayi ta godiya saboda kunyarka, ya rufe su da buhu a ɗaki, ya ci gaba da aron sifana, ran da ɗansa ya kwanta ciwo ya saida su rabin kuɗi, maiɗakinka tace ai dama na faɗa, alhali tun a kasuwa aka yi ɓarnar.

Aikin da yake yi kullum kusan duk na hannu ne, ba ruwansa da wuta. Injinan da ke kan tafkin nan galibi Yamaha ne, mai doki 15 da 25 da 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kuma ciwonsu sananne ne. Man jarka yana zuwa da datti da ruwa sai kabireta ta toshe. Fulogi ya mutu. Robar nan ta cikin ƙafar inji mai jawo ruwa tana sanyaya shi, yashi da taɓo suna cinye ta tunda tafkin bashi da zurfi, in ta mutu ruwan da yake tsartowa ta bayan inji sai ya ɗauke, in mai jirgi bai lura ba inji yayi zafi fistin ya kama. Zaren koma da ciyawa su naɗe a bayan farfela su yanka sil, ruwa ya shiga man giya ya koma fari. Igiyar tayarwa ta tsinke a tsakiyar ruwa. Waɗannan su ne abincinsa na yau da gobe, kuma abinda suke nema sifana ce mai kyau lamba 8, 10, 12, 14, 17, ta zobe da ta soket, da abin kwance fulogi, da abin zare fulawil wanda in babu shi sai dai ayi ta dukan inji da guduma ana ƙara lalata shi, da sukundireban nan da ake bugawa don ƙusar da ta kafe, filaya iri-iri, bais na ɗaurewa a tebur, mitar gwada wuta, in da hali har da agogon gwada ƙarfin fistin.

Ban lissafo maka su don ka ɗauki takarda ka nufi kasuwa ba fa, so nake kaga nisan da ke tsakanin abinda aka nuna maka da abinda hannunsa ke nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila bais ɗinsa ya tsira tunda a ɗaure yake, wataƙila abinda ya fi damunsa wani ƙarfe ne da ya sa maƙeri ya ƙera masa wanda ba'a saidawa a kanti, kai ba yadda za'ayi ka san wannan daga Kusiri. Ga kuma maganar jabu, wadda ita ce ta fi bani tsoro in kai kaɗai ka je. Akwai setin sifana mai ƙyalli cikin akwatin roba, guda ɗari da wani abu, mai kyan gani da arha, kana ɗora ta akan ƙusar da ta kafe bakinta zai buɗe ta goge kan ƙusar, ƙusa kuwa in ta goge ko ta karye a cikin alminiyam aikin awa ɗaya ya zama na yini guda, mai jirgi na tsaye a kansa yana faɗa. Makanike na gaske ya fi son sifana goma 'yan gwanjo masu ƙarfi akan sabuwa ɗari ta banza, kuma yana ɗaukarta a hannu zai gane. Kai ma ai ba'a yaudararka da atamfa, kana shafawa ka san wacce ce.

Toh yanzu ya zaka tambaye shi baka ci fuskarsa ba, nan ne aikin yake. Abu na farko, sunan ƙanwarka kar ya fito a maganar ko sau ɗaya. Kace bai san tana faɗa maka ba, in ya gane cewa kukanta ne ya kawo kayan nan zai ji an tona masa asiri a gidan surukai, ita ce zata sha bayan kai ka koma kantinka. Ambaliyar nan ba sirri bace, duk yankin Lagon da Shari an san abinda ruwa yayi a 2024, Kusirin ma ai bata tsira ba, don haka kana da ƙofar shiga ba tare da ita ba. Ka kira shi kai da kanka, ku gaisa sosai, ka tambayi aiki da ruwa da yara, sannan kace masa tun lokacin ambaliya abin kayan aikinsa yana ranka, Allah bai hore ba sai yanzu, kana so ya shigo Kusiri ya raka ka kasuwa don kai baka san kan ƙarfe ba kar a cuce ka. Kaga a haka kai ne mai neman taimakonsa a abinda ya fi ka sani, kuma gaskiya ka faɗa ba dabara bace. In kunyar da ke tsakaninku tayi nauyin da bazaka iya ba, ka nemi babba guda ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, waliyyin auren ko yayansa, shi ya isar. Mutum ɗaya fa, kar ya zama taro.

Ran da ya zo ka barshi ya shige gaba, ya ɗauka ya ajiye, yayi ciniki da bakinsa, kai naka biya. Zai riƙa zaɓar mai arha don kar ya nauyaya maka, anan ne kawai zaka sa baki kace a'a ɗauki wadda kake so ka mutu ka bar wa ɗanka. Abinda ake samu a Kusiri ku saya a Kusiri, wanda babu sai ku tsallaka gadar Ngeli ku duba Njamena, amma ka tuna duk abinda ya tsallako gada akwai maganar duwan, wato kwastan, gara a rage.

Kuɗin kuma kar ku ƙarar dasu akan ƙarfe. In ni ne, wajen rabi zai tafi a kayan aiki, kaso mai kauri ya tafi a kayan gyara, wato fulogi, robar ruwa, sil, gasket, ringi, igiya, man giya, saura kaɗan ya riƙe a hannu. Dalili, masunci in injinsa ya mutu yau, yau yake so ya koma ruwa, kowane yini a tudu asara ce gare shi da yaran jirginsa, makaniken da zai ce masa sai an aika Bulangwa ko Kusiri an kawo roba ya rasa shi kenan, wanda ya buɗe akwati ya ciro a take shi ne za'a riƙa nema har daga Kofiya da sauran tsibirai. Surukinka ya daɗe baya cikin kasuwar sosai, masu jiragensa sun saba da wasu hannuwan, abinda zai dawo masa dasu da sauri kenan. Akwai ɗan riba kuma a kan kayan gyaran bayan ladan aiki.

Kar ku baro kasuwa baku sayi abin ajiya ba, akwatin ƙarfe mai kwaɗo da kuma durom ɗin roban nan mai murfi da zobe wanda ruwa baya shiga, da gwangwanin giris na shafe ƙarfe. Ina nanata wannan ne saboda ruwan da ya ci kayansa zai sake zuwa. Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ne ya janye shi har ƙasa ta fito mutane suka bi kifi suka kafa garuruwa irin su Darak, wato inda suke zaune ɗin nan gidan ruwa ne tun asali. Kogin Shari, bayan ya haɗu da Lagon anan gabanku, shi ke kawo kusan duk ruwan tafkin, yana cika wajen Oktoba da Nuwamba, tafkin yayi ta hauhawa har cikin sanyi, shekarar da damina tayi ƙarfi kamar 2022 da 2024 kuwa sai ya wuce inda aka saba. Don haka rumfar da zai sake yi ta zama da kanta mai tsayi, kayan kuma su riƙa kwana a gida cikin durom.

Sai maganar maiɗakinka. Kar ka raina ta, tana kallon guminka ne da haƙƙin 'ya'yanta, kuma sefa 400,000 ba ƙaramin kuɗi bane a hannun mai saida yadi. Amma bashin wata-wata bai dace da rayuwar tsibiri ba sam. Samun can da lokaci yake tafiya, wata ɗaya kifi ya samu kowa na da kuɗi, wata biyu shiru, masunta da yawa gyara suke karɓa bashi sai an saida banda su biya, wani lokaci jami'an tsaro su hana shiga wani yanki na ruwa jirage su kwanta makanike ma ya kwanta. Ga Darak ta yi shekaru a hannun Najeriya kafin hukuncin kotun duniya na 2002 da miƙa ta ga Kamaru a ƙarshen 2003, har yau naira na yawo a cinikin kifi, mutum zai yi aiki a biya shi da naira kai kuma kana jiran sefa, ka san yadda naira ta zube a 'yan shekarun nan. In ka ɗora masa biyan wata, duk ƙarshen wata wayarka zata zama abin tsoro a gidan, ya daina ɗauka, ƙanwarka ta shiga tsakani tana baka haƙuri tana bashi haƙuri, a ƙarshe ka rasa kuɗin ka rasa surukin. In zuciyarka ko gidanka bazasu iya sakin 400,000 ba, ka saki 250,000 da zuciya ɗaya ka riƙe sauran, wannan ya fi min. Ka zauna da maiɗakinka ku tsaida adadin tare, in tana da hannu a yanke shi bazata riƙa tada maganar gobe ba.

Akwai maza masu zuciya da zasu ce sam sai sun biya, surukinka da bai taɓa roƙonka dala ba zai iya zama cikinsu. In ya dage kar ka ƙi, ƙin ma wani cin fuska ne. Ku rubuta kamar yadda aya ta 282 a Baƙara tayi umarni, amma kar a sa rana, duk abinda ya kawo ka karɓa kace Allah ya amfana, ka ajiye wa 'ya'yansa na makaranta ko na asibiti.

Tsoron cewa zai saida kuwa, ka dubi mutumin da kanka. Wanda ya haƙura da tsayawa a bayan yaronsa yana jiran sifana duk tsawon lokacin nan, bai watsar da sana'ar ya shiga jirgin wani yana jan koma ba, bai zo Kusiri ya zauna maka a kanti ba, ba irinsa ke saida kayan aiki ba. In kuma wata rana larura ta sa ya saida wani abu, nasa ya saida. Wannan fa sai ka shirya masa zuciyarka tun kafin ka fidda kuɗin. A Risala an faɗa cewa kyauta da sadaka basa cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka, kuma hadisin da ya kwatanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa yana cikin Buhari da Muslim. In ka miƙa ka sake. Kar ka riƙa kira kana tambayar ina mitar nan, kar in ka je ziyara ka buɗe akwatin kana ƙirgawa, kar ran da suka saɓa da ƙanwarka kace bayan duk abinda nayi maka. Aya ta 264 a Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, gori kuwa ba sai da baki ba, yawan bibiya ma gori ne.

Inna kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, a bi ta a hankali. Abinda take tsoro ba ƙarya bane, mun sha ganin macen da ta ci wuya da miji, dangi suka tallafa, yana miƙewa ya manta. Uwa ce, 'yarta take karewa. Sai dai hanyar da ta kawo bazata kare ta ba. Rubuta sifana da sunan mace baya hana namiji aure in yayi niyya, abinda zai haifar kawai shi ne mutum ya fita aiki kullum da kayan da aka nuna masa cewa ba nasa bane, ƙaramin saɓani ya taso a gida wani yace kayan gidanmu ne, daga nan kuma sai abinda Allah ya kiyaye. Kuma in ma rabuwar ce ta zo, Allah ya tsare, me ƙanwarka zata yi da abin zare fulawil? Abinda ke kare mace abin hannunta ne. Ka ware wani abu cikin kuɗin, ko 60,000 ko 80,000, ya zama jarinta ita kaɗai, ta san abinda zata juya acan, matan tsibiri suna bandar kifi suna saida abinci da kayan miya da sabulu, ita ta san wanda zata iya. Ka damƙa wa Inna kuɗin ita ta aika mata da hannunta a matsayin kyautar uwa, a wani lokaci daban ba ranar da kayan aikin suka isa ba, kuma da sanin mijin. Kaga Inna ta samu abinda take nema fiye da yadda ta nema. Sharaɗin kar ya ƙara aure kuwa kar ka yarda ya fito daga bakinka ko da wasa, ba hurumin yayan mata bane, kuma yana mayar da kyautar ciniki.

Hoton nan a'a, kuma anan bani da sassauci. Magidanci mai 'ya'ya 5 a tsaida shi yana riƙe da akwati ana ɗauka, gobe 'ya'yansa su gani, yaron da ya koya wa aiki ya gani, masu jiragen da yake ciniki dasu su gani, hoto kuma in ya shiga intanet baya fita. Bayan mutunci akwai tsaro, wanda su 'yan majalisa daga Kusiri ƙila basu auna ba. Darak ce aka kai wa mummunan hari a watan Yunin 2019 aka kashe sojoji da mutanen gari, har yanzu akwai 'yan bindiga a lungunan tafkin kuma ana ɗaukar mutane don kuɗin fansa, a irin wannan wuri baka shelanta cewa wane yana da suruki ɗan kasuwa mai aiko da dubban ɗaruruwa. Ka faɗa musu haka ƙarara. Niyyarsu ta wasu suyi koyi mai kyau ce, aya ta 271 a Baƙara ma ta yabi sadakar bayyane sannan tace ɓoyewar ta fi, toh in koyin ake so a ɗauki hoton kayan a kasuwa, ba fuska ba suna ba sunan gari, a rubuta cewa an tallafa wa wani mai sana'a da ambaliya ta shafa. Wanda ya yarda da haka ka karɓi nasa da godiya, wanda yace sai da fuska ka bar masa kuɗinsa, naka ya isa.

Kai kayan kuma shi da kansa zai tafi dasu, wannan na cikin amfanin zuwansa. Kar ka ba direban da baka sani ba ko ɗan jirgi saƙo. Duk abinda kuka saya ku karɓi faktir, wato rasit, mai tambarin kanti da sunansa a jiki, ya riƙe katin shaidarsa, don tsakanin Kusiri da bakin tafki shingayen jandarma da soja suna da yawa, kayan injin jirgi da mai kuwa suna cikin abinda aka fi sa wa ido saboda su ma mutanen daji da jirage suke yawo. Mai sana'a da takardarsa a hannu yana iya bayanin kowane ƙarfe, ɗan saƙo bazai iya ba. Yana da kyau kafin ya taso ya shaida wa bulamansu ko shugaban masu jirage cewa zai je sayo kayan aiki, ko da za'a nemi mai shaida. Kar a haɗa da jarkar fetur ko ɗaya, tafiya da rana, kuɗin da zai riƙe ka tura masa ta Orange Money ko MoMo maimakon aljihu. Lokaci kuma, hanyar Maltam zuwa Makari da ta Gulfe in damina ta zauna wahala ce, gara bayan ɗaukewar ruwan sama, ya isa daidai lokacin da tafki ke cika jirage na yawa a ruwa.

Baka faɗa min ko kuɗin na zakka bane. In na zakka ne ya halatta ka bashi tunda ciyar da gidansa ba a wuyanka take ba, kuma sadaka ga dangi lada biyu ce kamar yadda ya zo a hadisi, ta sadaka da ta zumunci, sai dai zakkar kuɗi kuɗin ake mallaka wa mutum, don haka ka damƙa masa a hannu da niyyarka sannan ku shiga kasuwa ya saya da kansa.

Yaron nan da yake bashi aro shima kar a manta dashi. Ko da yana sa shi jira, ya dai bashi, wani da hanawa zai yi. In kuna saye ka ce wa surukinka ya ƙara wani abu guda mai kyau ya kai masa, su biyun zasu ci gaba da zama a bakin ruwa ɗaya suna aron juna, wata rana wannan ke da sil wancan ke da gasket.

Ka kira shi cikin satin nan kafin kuɗin su fara zagwanyewa a kanti. Da wuya ya amsa a karon farko, zai ce ai ba komai Alhamdulillahi muna lallaɓawa, kunya ce kar ka ɗauka ƙi ne. Ka barshi kwana kaɗan ka sake kira, wannan karon kar ka tambaye shi ko yana so, ka tambaye shi wace rana zai samu jirgin Bulangwa, ka tura masa kuɗin hanya. In har sau uku yana kaucewa toh ka koma ta wajen babban nan da muka ce.